Shin da gaske Sinawa ba sa son baƙi?

Tambaya: Malam, ina fatauci tsakanin Kano da Guangzhou. Na lura Sinawa suna son ciniki da mu, amma ba sa sakin jiki da baƙo. Biza da wuya, zama da wuya, ɗan sanda kuma yana bin sawunka. Wani ya ce mini haka suke tun asali, shi ya sa suka kewaye ƙasarsu da ganuwa, kuma ba su taɓa buɗe ƙofa ba sai da Turawa suka ɓalle ta da ƙarfi. Haka tarihin yake?

Amsa: Alhaji, abin da idonka ya gani gaskiya ne, amma bayanin da aka yi maka bai cika ba, rabinsa ma kuskure ne. Ƙasar da addinin Buddha ya shigo mata daga Indiya ya zauna daram, wadda Musulmi ke sallar Idi a cikinta tun ƙarni na 9, wadda kuma baƙi suka mulka ɗaruruwan shekaru, ba a ce mata mai rufaffiyar ƙofa. Ni dai abin da na fahimta daga nazarin tarihinsu shi ne, hukumar Sin ba ta cika damuwa da zuwan baƙo ba. Abin da take kishi a kai shi ne wa ke gindaya sharaɗin zuwan. Muddin ita ke faɗin ƙofar da za ka shigo, da unguwar da za ka sauka, da wanda za ka yi ciniki da shi, to lale marhabin. Ranar da ta ga ragamar na neman kuɓuce mata kuwa, nan take take tsukewa, wani lokacin har da zubar da jini.

Bari mu fara da ganuwar, tunda ita aka kafa maka hujja da ita. Ba don fatake aka gina ta ba. An yi ta ne saboda makiyaya mahaya dawaki na arewa, waɗanda ke sauko wa manoma da hari su kwashe hatsi da mutane su koma jeji. A zamanin daular Han, manyansu su ne Xiongnu, kuma sun fi ƙarfin Sin na wani lokaci mai tsawo. A shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, sun ritsa sarkin da ya kafa daular da kansa a wani tudu da ake kira Baideng, da ƙyar ya sha. Daga nan fadar Han ta shiga aika musu da siliki da hatsi da giya duk shekara, har da 'ya'yan gidan sarauta a aura wa shugabanninsu. A rubuce sarkin Sin ɗan sama ne da kowa ke kawo wa gaisuwa, a aikace kuwa shi ke sayen zaman lafiya. Wannan rata tsakanin kirari da zahiri za ka yi ta cin karo da ita a tarihinsu.

Neman mafita daga Xiongnu ne ma ya buɗe hanyar yamma. Wajen shekara ta 138 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Wu ya aiki wani bafade mai suna Zhang Qian ya nemo masa abokan yaƙi a tsakiyar Asiya. Xiongnu suka kama shi suka tsare shi kusan shekara 10, har ya yi aure a cikinsu. Ya gudu, ya ci gaba da tafiyarsa, ya dawo gida bayan shekara 13 da mutum ɗaya tak cikin kusan 100 da suka tashi tare. Bai samo abokan yaƙi ba, amma ya zo da labarin birane masu kasuwa, da inabi, da dawakin Fergana waɗanda Sin ke matuƙar bukata. Ta wannan hanya siliki ya kai har Rum, ta nan kuma addinin Buddha ya shigo a ƙarni na 1. Sinawa da kansu suka riƙa tafiya Indiya neman littattafansa, kamar malamin nan Xuanzang da ya dawo a 645 da ɗaruruwan littattafai ya zauna yana fassara su har ya mutu.

Inda nake so ka tsaya ka duba da kyau shi ne zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, domin nan ne labarin ya shafi garin da kake zuwa. Babban birninsu Chang'an, wanda yau ake kira Xi'an, yana da mutum kusan miliyan ɗaya, kuma kasuwarsa ta yamma cike take da Farisawa da Turkawa da mutanen Samarkand da Bukhara. Akwai wani dutse da aka kafa a 781, yana nan har yau, da ke ba da labarin wani malamin Kirista da ya iso a 635 sarki ya ba shi izinin gina wurin ibada. Kundin fadar Tang ya rubuta zuwan jakadun Larabawa a 651, zamanin Halifa Usman Allah ya yarda da shi. Musulmin Guangzhou suna danganta tsohon masallacinsu na Huaisheng da Sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Masana tarihi ba su tabbatar da zuwansa ba, kamar yadda malaman hadisi da dama suka raunana maganar nan ta neman ilimi ko da a birnin Sin ne. Amma zaman Musulmi a garin tun zamanin Tang, wannan babu ja.

Ga yadda zaman yake. Hukuma ta ware wa baƙi unguwarsu daban, ta naɗa musu shugaba daga cikinsu. Wani labarin fatauci da aka rubuta da Larabci a 851 ya ce a Guangzhou sarkin Sin ya ɗora wani Musulmi yana yi wa Musulmi shari'a da hukuncinsu, ranar Idi ya ja su salla ya yi huɗuba. Duk Bahaushen da ya san zango a Kumasi ko Accra ya san wannan tsari: mai ƙasa ya ba ku fili, ku yi sarkinku, ku kashe rigimarku a tsakaninku, amma kowa ya san ƙasar ta wane ce. Mu ma haka muka yi musu, domin masarautar Kano ta naɗa Wakilin 'Yan China. Jirgi in ya iso Guangzhou a wancan zamani, ma'aikatan sarki ke fara shiga, su karɓi rabon hukuma, fada ta zaɓi abin da take so ta saya, sannan a saki saura ga kasuwa.

To amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma in bangon Sin ya tsage, baƙo ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa. A 755 wani babban kwamandan Tang mai suna An Lushan, wanda asalinsa baƙo ne, jinin Turkawa da mutanen tsakiyar Asiya, ya yi tawaye ya kusa kifar da daular. Daga nan kallon da ake yi wa baƙi ya sauya. A 760 sojoji suka karkashe dubban fatake Larabawa da Farisawa a Yangzhou suka wawashe dukiyarsu. A 845 sarki ya rushe gidajen ibadar Buddha 4,600 ya tilasta wa masu ibada sama da 260,000 komawa zaman duniya, yana cewa addinin baƙi ne, ko da yake kowa ya san filaye da tagullar da gidajen suka tara na daga cikin abin da ya tsone masa ido. Sai kuma wajen 879, ɗan tawaye Huang Chao ya ci Guangzhou. Wani marubuci mutumin Siraf, a gaɓar Farisa, ya ce an kashe Musulmi da Kirista da Yahudu da Majusawa 120,000. Adadin yana iya zama da ƙari, amma kisan ya faru, kuma fataucin Larabawa a garin ya daɗe bai farfaɗo ba. Ba na son a ɓoye wannan don a ƙawata tarihi.

Wani abin da masu cewa Sin ta rufe ƙofa ke mantawa shi ne sau nawa baƙi suka hau gadon sarautarta. Daular Song, duk da arzikinta, ta yarda a 1005 ta riƙa biyan Khitan na arewa siliki turmi 200,000 da azurfa awo 100,000 duk shekara. Daga baya Mongol suka cinye ƙasar gaba ɗaya, Kublai Khan ya kafa daular Yuan a 1271. Mongol ba su amince da Sinawa ba, sai suka ɗauko baƙi, yawancinsu Musulmi daga Farisa da tsakiyar Asiya, suka ba su aikin karɓar haraji da muƙaman gwamna. Sayyid Ajall Shamsuddin, mutumin Bukhara, shi ya riƙe lardin Yunnan daga 1274. Yawancin Musulmin da ake kira Hui a yau, waɗanda Sinanci ne harshensu, tushensu daga wannan zamani yake.

A ƙarshen zamanin Mongol ne Ibn Battuta ya sauka a tashar Quanzhou, wadda Larabawa ke kira Zaitun, wajen 1345. Shi ne dai matafiyin da bayan 'yan shekaru ya ratsa Mali ya kai Takedda a Nijar ta yau, har ya ambaci tagullar da ake kai wa Gobir da Borno. Ya yaba Sin da cewa babu ƙasar da ta fi ta aminci ga matafiyi, ya kuma faɗi dalili. A kowane masauki, in dare ya yi, jami'i kan zo da magatakarda ya rubuta sunan duk baƙon da ya kwana, ya kulle ƙofa, da safe a sake kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Ya ce masu zane ma kan zana fuskar baƙo, don in ya yi laifi a san wa ake nema. Ka ga ke nan rajistar da ake sa ka yi wurin 'yan sanda cikin awa 24 da saukarka ba kai aka fara yi wa ba, kuma ba 'yan gurguzu suka ƙirƙiro ta ba.

Daular Ming da ta kori Mongol a 1368 ta zo da hali biyu a lokaci guda. Ta hana talakawanta fita teku fatauci, amma ita fadar ta aika da jiragen ruwa irin waɗanda duniya ba ta taɓa gani ba. Jagoransu Zheng He Musulmi ne ɗan Yunnan, mahaifinsa da kakansa duk alhazai ne. An kama shi yana yaro a yaƙi, aka dandaƙe shi ya zama bawan fada. Tsakanin 1405 da 1433 an yi tafiya 7, ta farko da mutum sama da 27,000. Sun je Malaka da Kalikut da Hormuz da Aden da Mogadishu da Malindi, a tafiyar ƙarshe wata tawaga ta kai har Makka. An kai wa sarki raƙumin dawa, fadawa suka ce dabbar albarka ce da ba ta bayyana sai a zamanin adalin sarki. Jami'an Sin na yau suna son cewa Zheng He bai ƙwace ko taku ɗaya na ƙasar kowa ba. Gaskiya ne bai kafa mulkin mallaka ba, amma ba da hannu sake ya tafi ba, domin a Sri Lanka ya kama wani sarki ya kai shi Sin a ɗaure. Abin da ake nema shi ne sarakuna su zo su faɗi gaisuwa su yi caffa, a ba su tukuicin da sau da yawa ya fi abin da suka kawo.

Aka daina tafiyar saboda tsada, da adawar malaman fada, da kuma barazanar arewa da ta dawo. A 1449 Mongol suka kama sarkin Ming da ransa a fagen yaƙi. Ganuwar bulo da dutse da masu yawon buɗe ido ke hawa yau, yawancinta bayan wannan aka gina ta. Ko a hakan ciniki bai tsaya ba. Mutanen Fotugal sun samu wurin zama a Macau a 1557 suna biyan haya, a 1567 aka sassauta dokar teku, azurfar Japan da ta Amurka ta Kudu ta riƙa kwararowa ana sayen siliki da tangaran. Limaman Katolika irin su Matteo Ricci, da ya isa Beijing a 1601, sun samu shiga ne don sun koyi harshen, sun sa tufafin malaman ƙasar, sun kawo lissafi da ilimin taurari. Sarki Kangxi ya halatta addininsu a 1692. Da Paparoma ya hana Kiristocin Sin girmama kakanninsu irin na al'ada, sai fada ta ga wani daga Rum na ba talakawanta umarni, aka haramta addinin a 1724. Shi kansa Kangxi ba Basine ba ne na asali, Manchu ne, waɗanda suka ci ƙasar a 1644 suka tilasta wa kowane namiji aske goshi ya bar dogon kitso.

Yanzu mun zo kan abin da mutumin naka ya ji ƙamshinsa. Daga 1757 aka taƙaita Turawan da ke zuwa ta teku a Guangzhou kaɗai. Suna zama a wani ɗan siririn fili bakin kogi a wajen ganuwar gari, lokacin kakar ciniki kawai. Ba su zuwa da matansu, ba a yarda a koya musu Sinanci ba, ba su magana da hukuma sai ta bakin wasu 'yan dillalai da aka ba lasisi, waɗanda su ke ɗaukar alhakin duk laifin da baƙo ya yi. A 1793 Ingila ta aiko Lord Macartney ya roƙi ƙarin tashoshi, da jakada a Beijing, da ɗan tsibiri na ajiye kaya. Ya ƙi sa goshi a ƙasa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Sarki Qianlong ya ƙi duk bukatun, ya aika wa Sarki George na 3 cewa Sin ba ta bukatar kayan ƙasarsa. Ana yawan kawo wannan wasiƙa a matsayin shaidar girman kai. Akwai girman kan, amma umarnin da ya aika wa gwamnoninsa na gaɓar teku su tsare tashoshi ya nuna ya gane mutanen nan abin tsoro ne.

Matsalar Ingila ita ce shayi. Mutanenta sun kamu da shi, kusan daga Sin kaɗai ake samunsa, kuma yawanci da azurfa ake biyanta. Sai kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya ya samo abin da zai juya cinikin: ofiyom, ƙwaya mai sa maye da ake tatsa daga ƙullin wani fure, wadda in mutum ya saba da zuƙarta ba ya iya bari. Kamfanin ke noma ta a Bengal ya yi gwanjonta a Kalkata, 'yan kasuwa su yi fasa-ƙwaurinta zuwa gaɓar Sin, jami'an Sin masu cin hanci su kau da kai. Wajen 1820 akwati dubu huɗu zuwa biyar ke shiga a shekara, kafin 1839 ya kai kusan 40,000. Azurfa ta juya tana fita, sojoji da ma'aikata suka lalace.

Sarki ya aiko Lin Zexu, mutum mai gaskiya da taurin kai. A watan Maris na 1839 ya tsare Turawa a unguwarsu har suka miƙa akwati sama da 20,000. A Humen, bakin kogin da ke gangarowa daga Guangzhou, ya sa aka haƙa manyan ramuka aka cika su da ruwa, aka farfasa dunƙulen ofiyom a ciki, aka zuba gishiri da farar ƙasa, ma'aikata suna motsawa har ya narke, sannan a buɗe mashiga ya bi ruwa zuwa teku. An fi mako uku ana wannan aiki, ana caje kowane ma'aikaci in zai fita. Lin ya rubuta wa Sarauniya Victoria wasiƙa yana tambayar yadda za a yi ƙasa ta ci riba da abin da ke kashe mutanen wata. Majalisar Ingila ta yi muhawara a Afrilun 1840, masu adawa da yaƙin suka sha kaye da ƙuri'a 9 kacal, 271 da 262. Ina yawan tuna wannan adadi, domin ya nuna ko a London an san abin da ake shirin yi ba daidai ba ne.

Jiragen Ingila, har da na ƙarfe mai tafiya da tururi, suka ragargaza na Sin. Unguwar Sanyuanli da 'yan kasuwarmu ke sauka yau, a nan ne ƙauyawa suka taru da masu da fartanya suka kewaye wata rundunar Ingila a watan Mayun 1841, cikin ruwan sama da ya jiƙe bindigoginsu. Ba ta sauya sakamakon yaƙin ba, amma kowane ɗan makaranta a Sin ya san sunan wurin. Yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta ba Ingila tsibirin Hong Kong, da tashoshi 5, da dalar azurfa miliyan 21, har da kuɗin ƙwayar da aka lalata. Abin da ya fi zafi ya biyo baya: Bature in ya yi laifi a ƙasar Sin, kotun Sin ba ta da iko a kansa, kuma Sin ba ta da ikon ƙara kuɗin fito a kan kayan da ke shigo mata. Amurka da Faransa suka karɓi irin wannan gata a 1844. Lura da bambancin. A zamanin Tang sarki ne ya ba baƙi alƙalinsu don raɗin kansa, yanzu kuwa da bakin igwa aka karɓa.

Daga nan sai abin ya zama rububi. A yaƙi na biyu, sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar shaƙatawa ta Yuanmingyuan a 1860, Lord Elgin ya sa aka ƙone ta don ramuwar mutanensu da aka kama aka azabtar har wasu suka mutu. Har yau an bar kufanta a Beijing don a riƙa gani. Rasha ta yanki ƙasa mai faɗi a arewa maso gabas ta kafa Vladivostok. Hukumar kwastan ta Sin, wani ɗan Birtaniya, Robert Hart, ya riƙe ta sama da shekara 40. Japan, wadda Sinawa ke ɗauka a matsayin almajirarsu, ta ci su da yaƙi a 1895 ta karɓe Taiwan. A 1900 fushin talakawa ya fashe, 'yan ƙungiyar da Turawa suka kira Boxer suka kashe 'yan mishan da iyalansu wajen 200, da Sinawa Kirista dubbai masu yawa, suka kewaye unguwar jakadu kwana 55. Ƙasashe 8 suka haɗa runduna suka shiga Beijing, aka ɗora wa Sin tarar azurfa awo miliyan 450, kusan awo ɗaya a kan kowane Basine. Kuma ka san wanda ya zama gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912? Lugard ne, wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Daga Hong Kong ya dawo ya haɗe Nijeriya a 1914.

A waje ma Basine bai ga da daɗi ba. An kwashi leburorinsu zuwa gonakin rake a Kuba da Peru cikin yanayin da bai da maraba da bauta. Sun shimfiɗa layin dogo a yammacin Amurka, sannan a 1882 aka yi doka ta hana leburorinsu shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943. Kimanin 140,000 sun yi wa Ingila da Faransa aikin ƙarfi a yaƙin duniya na farko, amma da aka zauna rabo a 1919 sai aka miƙa wa Japan yankin Shandong da Jamus ta riƙe. Zanga-zangar ɗalibai ta 4 ga Mayun wannan shekara na daga cikin abin da ya haifi jam'iyyar gurguzu a 1921. Sai mamayar Japan daga 1931, da kisan Nanjing na 1937, da miliyoyin rayuka kafin 1945. Wannan zamani, daga 1839 zuwa 1949, shi suke kira ƙarnin wulaƙanci, kuma da shi ake tarbiyyar yaransu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Zamanin Mao Zedong shi ne lokacin da ƙofar ta fi rufuwa da gaske. An kori 'yan mishan da kamfanonin Turawa, an yi yaƙi da Amurka a Koriya, an ɓata da Tarayyar Sobiyet wajen 1960, matasa sun ƙone ofishin jakadancin Birtaniya a 1967, samun wasiƙa daga waje ma na iya jefa mutum cikin masifa. Amma a lokacin ne suka juyo wajen Afirka. Firaministansu Zhou Enlai ya zaga ƙasashe 10 na nahiyar tsakanin 1963 da 1964, har da Ghana. Suna cikin talauci suka gina layin dogo mai tsawon kilomita 1,860 daga Tanzaniya zuwa Zambiya. Nijeriya ta ƙulla hulɗa da su a Fabrairun 1971, a watan Oktoba kuma ƙuri'u 76, ciki har da 26 na Afirka, suka ba Beijing kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya. Deng Xiaoping, wanda ya karɓi ragama bayan mutuwar Mao, ya buɗe ƙasar daga 1978, amma dubi yadda ya yi: ya keɓe wurare irin Shenzhen a 1980, ya ce baƙo ya zo nan da jarinsa, a manyan sassa kuma sai ya haɗa gwiwa da ɗan ƙasa ya koya masa sana'ar. Tsohon tsarin ne aka sabunta, kuma wannan karon ya yi musu aiki.

Kada a ce na wanke su tas. Akwai raini ga baƙar fata a tsakanin Sinawa da yawa, kuma tarihin wulaƙancin da suka sha bai zama uzuri ba. A ƙarshen 1988 an yi zanga-zangar ƙin ɗaliban Afirka a Nanjing. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guangzhou, wasu suka kwana a titi, har gwamnatin Nijeriya ta kira jakadan Sin ta nuna masa ɓacin ranta. Ƙasa ce kuma da ba ta saba mayar da baƙo ɗan gari ba. Ƙidayar 2020 ta samu 'yan ƙasashen waje kimanin 846,000 cikin mutum biliyan 1 da miliyan 400, ba a yarda da riƙe fasfo biyu ba, takardar zama ta dindindin kuwa sai wane da wane. Tsoron duk wata biyayya da ke kallon waje shi ke bayan yadda ake sauke ƙubbobin masallatai don su yi kama da ginin gargajiyar Sin, da abin da ake yi wa Musulmin Uyghur a Xinjiang, wanda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Agustan 2022 yana iya kaiwa laifin cin zarafin bil Adama. Sin ta musanta, ta ce yaƙi take da ta'addanci. Ni ban gamsu da wannan amsa ba.

A namu ɓangaren, in suka zo gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna ko matatar mai ta Damagaram, ba sa cika tambayar yadda kake mulkin ƙasarka, saboda su ma ba sa son a tambaye su. Ciniki suke yi mai tsauri, kuma 'yan Kantin Kwari da marina sun san yadda atamfa da shaddarsu mai araha ta yi wa sana'ar gida. Sharaɗi guda ne ba sa sassautawa a kai ko kaɗan, shi ne Taiwan, wadda suke gani ragowar abin da aka yanke musu a 1895. Nijar ta ƙulla hulɗa da Beijing a 1974, ta koma wajen Taiwan a 1992, nan take Beijing ta yanke hulɗa da ita, har sai da ta dawo a 1996. A 2017 Nijeriya ta umarci ofishin cinikin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas. Burkina Faso ta sauya sheƙa a 2018, yanzu a duk Afirka Eswatini kaɗai ta rage tare da Taiwan.